Katin Ayi Ma

A gidanmu na unguwar Sanyuanli, a birnin Guangzhou na China, babu murhu, babu tsakar gida. Wata 'yar hita ce kawai mai sanduna biyu da ke yin ja, kuma a gabanta Kaka ta kafa majalisarta a hunturun da ta zo mana daga Kano don a duba mata gwiwa. Sanyin Guangzhou jiƙaƙƙe ne, yana bin bango har ya shiga ƙashi. Da an idar da isha'i sai ta miƙe ƙafa, ta ja ni da ƙanena Sadiku cikin bargonta. "Wutar mutanen nan ko hayaƙi ba ta iya ba," in ji ta, "amma a haka za mu lallaɓa."

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma ina ɗauke da wata ƙarya da ta fi ƙarfina.

Abbanmu tufafi yake haɗa wa 'yan kasuwar gida daga kasuwar Shisanhang ya loda musu. A shekarar naira ta faɗi warwas, masu oda suka daina kira. Kullum yana baranda da waya a kunne yana cewa, "Alhaji, a ƙara haƙuri." A makarantarmu, wata ƙarama ta 'ya'yan baƙi Musulmi, da kati ake cin abincin rana: ka ɗora a kan na'ura, ta cire kuɗi. Da katina ya ƙare aka ba ni takarda mai jan hatimi in kai gida. Na dubi yadda Abba ya rame, na kasa miƙa masa. Sai na ce ai makaranta ta mayar wa 'yan ajinmu abinci kyauta. Ya ɗaga hannu ya yi ta yi wa mai makarantar addu'a har idonsa ya kawo ruwa.

Gaskiyar kuwa tana hannun mai zuba mana abinci, wata dattijuwa Musulma 'yar China mai farin ɗankwali, muna ce mata Ayi Ma, wato Goggo Ma. Ran da na'ura ta fara nuna min ja na tsaya kamar an dasa ni. Ta leƙa ta ce, "Meyo?" Babu kenan. Sai ta zaro nata katin daga aljihu ta ɗora, ta cika min faranti da taliya. Haka ta yi washegari, haka har mako shida. Ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da ita, balle in gode. Ina karɓa sai in wuce.

Wata Alhamis na ji mai makarantar yana yi mata faɗa a bakin kicin. Ina jin yarensu daidai gwargwado. Ya ce katin ma'aikata ba na ɗalibai ba ne, in ta sake to ta nemi wani wurin. Washegari na shiga layi kamar kullum. Ta rufe hannunta da tsumman goge tebur ta ɗora katin.

A daren nan ne Kaka ta yi mana tatsuniyar kurciya. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Cewa take, "Ga wata nan ta biyo ni a jirgi ba ta biya kuɗin kujera ba." Mu kuma mu ce ta sauko mu gan ta.

Wai an yi wata shekarar yunwa, kurciya ta rasa abin ba 'ya'yanta. Wata safiya sai ta tarar da ƙwayar gero bakwai a gindin gamji. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ta ce wa 'ya'yanta gamji ne ke zubo musu, suka riƙa hawa reshe suna yi masa waƙar yabo. Ashe wata tsohuwar tururuwa ce ke jido geron daga rumbun garinsu, ƙwaya ɗaya-ɗaya, tun asuba. Kurciya ta taɓa ganinta, amma ta kawar da kai, don tana jin nauyin a ce ga ta da fukafukai tururuwa ke ciyar da ita. Ran da sarkin tururuwa ya auna rumbu ya ga giɓi, ya kori tsohuwar. Kurciya ta wayi gari babu ko ƙwaya.

"Sai me ya faru?" in ji Sadiku.

"Sai ta ci gaba da yi wa itace waƙa mana, angona."

"Tururuwar fa?"

"Wa ya sani? Ai ba wanda ya tambaye ta sunan garinsu." Ta juyo ta dube ni. "Ƙawata, yau ba ki da tambaya?"

Na ce barci nake ji. Ba ta rufe tatsuniyar ba, ta dai kashe hita ta ce mu tashi. Na kwanta ina jin tarin Abba ta bango. In na faɗa, na ƙara masa kaya, kuma ya san 'yarsa maƙaryaciya ce. In na yi shiru, za a kori Ayi Ma. Na ce gobe. Goben ta zo na ce bari Litinin. Litinin da Talata na ce cikina ke ciwo, na ƙi zuwa makaranta. Sai Talatar da dare na durƙusa gaban Abba na faɗi komai ina kuka.

Bai daka min tsawa ba, da ma ya yi. Sai kawai ya ce, "Hafsatu, wata ɗaya da rabi ina gode wa wanda bai ba ni komai ba." Da safe ya ranto kuɗi wurin wani abokinsa a unguwar Xiaobei. Kaka ta cika kwanon sha da dambun naman da ta zo da shi ta ce, "Kuɗi na ubanki ne, wannan ke za ki miƙa da hannunki."

A ofishin makaranta aka duba aka ce ba a bin mu komai, an riga an biya. A wurin zuba abinci kuwa wata matashiya muka tarar. Ta ce Ayi Ma ta tafi garinsu can arewa tun ranar Litinin da yamma, kuma ba za ta dawo ba. Korarta aka yi ko hutun sabuwar shekararsu ta tafi ta zauna, ba wanda ya gaya mana. Na dawo da kwanon a cikin jirgin ƙasa rungume a ƙirji.

Sai bayan Kaka ta rasu Ummanmu ta gaya min cewa Kakar ce ta tsinci takardar a aljihun rigata wajen wanki. Ba ta iya karatu ba, amma ta san jan hatimi ba ya zuwa da alheri, ta sa wata maƙwabciya ta karanta mata. Ta hana kowa yi min magana, wai bakin da ya ƙulla shi zai kwance.

Na daɗe ina jin haushinta a kan haka. Yanzu da nake da nawa 'ya'yan na gane ba ƙaryar ta fi damunta ba, don ta san tausayi ne ya sa ni. Kawar da kan nan ne ba ta so, mutum ya ci daga hannun wani ya ƙi kallon fuskarsa. Ta buɗe min hanya ran Juma'a da dare, ni na ƙi bi sai Talata. Har yau in na shiga shagon taliya na Musulmin China na hango farin ɗankwali a bayan tukunya, sai na leƙa fuskar. Kalma ɗaya ce ta godiya a bakina tun ina 'yar sha ɗaya, na kuma iya ta da yarensu tun a lokacin.