Tsuntsun da Aka Gani a Kan Kakana

Kakana bai taɓa yin girman kai ba. Ina faɗa ne saboda 'yan majalisar ƙofar gidanmu a Haɗeja, waɗanda ba su da sana'a sai auna wuyan mutane.

Bayan ya dawo daga Hajji abin ya fara. Mutum zai durƙusa ya gaishe shi, Kaka ya amsa yana kallon saman katanga, wuya a sandare. Nan take majalisa ta yanke hukunci: Alhaji ya sa haƙorin Makka, ya daina ganin na ƙasa. Har amininsa, wani tsohon masunci da suka tashi tare, ya zauna a tabarma gefen kujerarsa ya miƙo hannu, Kaka bai karɓa ba. Tsohon ya karkaɗe riga ya tafi, ya ɗauke ƙafa. Kullum sai Kaka ya tambaye ni ko ya zo.

Ni da nake kai masa abinci na san da matsala. Laluben kwano yake yi.

"Angona," na ce, "tuwon yana gabanka, ba a Kaugama ba."

"Amarya, idanun ne suka ƙi sauka."

Ga faɗuwa, kullum ta baya, tim, kamar buhun shinkafa.

Sai Baffana ya shigo maganar. Ya taɓa yin wata shida yana share wani kantin magani, tun daga nan yake amsa sunan Dakta. Ya kalli Kaka sau ɗaya ya ce ciwon rawar jiki ne, wai shi Fakinsan.

"Baffa, ai ba ya rawa."

"Ke, rufe mana baki. Rawar tana ciki."

Ya kawo ƙwayoyi. Wata uku babu canji. Ya ce sauƙin ma yana ciki.

Da Baba ya gaji, ya kai Kaka wani asibiti a Kano, ni ce mai riƙe jaka, Baffa ma ya biyo mu. Aka tura shi cikin injin hoton ƙwaƙwalwa mai ƙara kamar na casar shinkafa. Likitar ta sa ya bi yatsanta da ido. Gefe da gefe ya bi, ƙasa ya gagara. Ta ce mai Fakinsan yawanci hannunsa na rawa, yana duƙawa gaba, maganin kuma yana yi masa aiki. Wannan wani ciwo ne mai kama da shi: yana hana ido kallon ƙasa, yana kayar da mutum ta baya, yana ƙaruwa a hankali, kuma ba a samo maganin warkewa ba. Ta nuna hoton.

"Kun ga nan? Wurin da ke juya ido ne ya motse, har ya yi kama da ɗan tsuntsu mai dogon baki."

Duk bayanin nan, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Baffa. Kafin mu fita daga Kano ya buga waya: an ga tsuntsu a kan Alhaji. Muna isowa majalisa ta gama bincike. Jan-baki ne, wanda Kaka ya yi shekara arba'in yana kora daga gonar shinkafa, ya zo ramuwa. Wani ya rantse ya ji kukansa. Wani ya zo da gwangwani zai kaɗa masa a kunne. Manya da gemu!

Na bar su, na tafi bakin kogi da hoton a waya. Na tarar da masuncin yana ɗinkin koma. Ya juya wayar sama da ƙasa ya ce wannan ai kan tarwaɗa ne. Na faɗa masa abin da likitar ta ce.

"Hannuna fa? Da gaske bai gani ba?"

"Wallahi, Baba, ko kwanon tuwonsa ba ya gani."

Washegari da safe ya zo yana gangaro da turmi. Ya kife shi a gaban kujerar Kaka, ya hau ya zauna, ya ɗaga hannu daidai hancin amininsa. Kaka ya cafke da hannu biyu.

"Kai, ɗan banza, ina ka shiga?"

"Ina ƙasa, inda ba ka dubawa."

Turmin yana nan har yau. Majalisa kuwa tana jiran ranar da tsuntsun zai tashi, Baffa na cewa shi ya fara gano shi.