Ƙululun Tayar Baba Sannu

Baba Sannu ba sunansa na yanka ba ne. 'Yan makaranta ne suka laƙaba masa saboda tafiyar ƙaramar bas ɗinsa, wadda mai keke ma in ya ga dama sai ya wuce ta har ya waiwayo. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya riga ya ci gudunsa tun yana da sauran ƙarfi, lokacin da yake jan babbar mota yana kwana a hanya, ya ga abin da gudu ke yi wa mutane har ya ƙoshi. Da gwiwa ta fara ciwo, mai ɗakinsa kuma ta dame shi da mitar cewa 'ya'yansa sun fi sanin hotonsa a kan fuskarsa, sai ya sauka, ya haɗa ɗan abin da ya tara ya sayi bas, ya shiga kai yara makaranta da dawo da su.

Aikin nasa da ƙa'ida yake. Ba ya danna hon a ƙofar gidan kowa, tsayawa yake ya jira, ko da ana can ana neman takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. In ya dawo da yaro, ba ya tayar da mota sai ya ga ƙofa ta rufe a bayansa. A aljihun gaban motar akwai tsumman hanci, akwai tsumman gilashi, kuma bai taɓa rikita su ba. Ya san mai amai in an zaunar da shi a baya, ya san waɗanda ba a haɗa su kujera ɗaya sai an yi kuka. Wasu daga cikin iyayen da ke miƙo masa yara yanzu, shi ya share musu majina suna ƙanana. Dukiya dai bai tara ba, amma ya aurar da 'ya'yansa, asirinsa a rufe, kuma abin alfaharinsa guda ne: tunda ya fara, ko ƙwarzane ɗan wani bai taɓa yi a hannunsa ba.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a 'yan watannin nan, wato gilashin gaba. Ɓangaren dama ya ƙi wankuwa. Ya sa sabulu, ya dirza da tsohuwar jarida, ya canza robar share ruwa, har mai wankin mota ya sha faɗa a banza, amma wurin yana nan dishi-dishi. Daga ƙarshe ya yanke cewa gilashin ne ya tsufa, ya ci gaba da gogewa duk inda danja ta tsayar da shi.

Ranar da abin ya faru, safiya ce kamar kowace. A kwanar shiga layin makaranta akwai dakalin siminti na bakin titi, kwanar da ya sha ta fi a ƙirga. Yana karya sitiyari sai ji aka yi gaf, motar ta yi ɗan tsalle, kwanonin abinci suka kife. Yara suka kwashe da ihu, wani daga baya yana cewa, “Yau Baba Sannu ya yi gudu!” Ya sauke su lafiya, ya jira suka shige, sannan ya zagaya ya durƙusa. A gefen tayar gaba ta dama roba ta ɗaye, kusa da wurin kuma wani ƙululu ya taso kamar ƙwan kaza. Iska ba ta fita. Tayar ma ba ta daɗe ba, zanenta yana nan raɗau, abin da ya fi ɓata masa rai ke nan.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai rumfar Mai Faci, a bayan gidan mai. Sun san juna tun zamanin babbar mota. Gajere ne mai tumbi, hannunsa bai taɓa fita tas ba, bakinsa kuma bai taɓa hutawa ba.

“Kai za a duba ko motar?” in ji Mai Faci. “Don na ga duk kun kwana biyu.”

“Rufe mini baki ka zo ka ga wani abu.”

Mai Faci ya tsuguna, ya danna ƙululun da babban yatsa, ya yi fito a hankali. “Wannan ta gama aiki, mutumina.”

“Haba, ko iska fa ba ta fita. Cire ta ka juya mini ita, ƙululun ya koma ciki. Ba haka kuke yi wa mutane ba?”

“Haka nake yi wa masu amalanke. Da ƙusa ce ta shiga inda ke taka ƙasa, da tuni na toshe ka kama gabanka. Nan gefen kuwa zare ne a ciki yake riƙe da iska, zaren ya tsinke, fata kaɗai ta rage. In na juya ta, ido ne kawai ba zai gani ba. Rana ta yi zafi, ka faɗa rami, sai ka ji fam, ga 'ya'yan mutane a ciki.”

Duk wannan Baba Sannu ya sani, tun Mai Faci bai yi tumbi ba. Son zuciya ne kawai ya sa shi tambayar abin da ya riga ya san amsarsa. Ya ja tsaki ya ce a sa masa safaya, tayar ajiya, zai nemo sabuwa.

Sai dai Mai Faci bai ɗauko jak ɗin ɗaga mota ba. Zagaya motar ya shiga yi a duƙe, yana shafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma abin mamaki, bakinsa a rufe. Can ya ce, “Zo nan.” Ya nuna masa na hagu, rubutun jikinsu ɓaro-ɓaro kamar jiya aka sa su. Ya dawo da shi dama. Ta gaba da ta baya duk rubutun ya goge, farin siminti ya kama su, wani tsoho wani sabo, bakin wilin kuma duk ƙwarzane.

“Wannan ba aikin yau ba ne. Wa kake ba motar nan?”

“Kai ma ka san ko ɗan cikina ba ya taɓa ta.”

“To ashe kai ne.”

“Gilashin ne, ɓangaren nan ya tsufa.”

Mai Faci ya leƙa ta gilashin, ya hango har tattabarun da ke kan rufin gidan mai. Ya juyo ya ɗora baƙin tafin hannunsa a kan idon Baba Sannu na hagu. “Me aka rubuta a jikin shagon can?”

Shagon ya ɓace. Titin ma ya ɓace, sai haske da inuwoyi suna motsi, kamar mai buɗe ido a cikin ruwan wanki. Da aka janye hannun komai ya dawo wurinsa. Ashe watanni ke nan idon hagu yana ɗauke da aikin ido biyu, shi kuma yana ta dirzar gilashi. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan manyan hanyoyi.

Can ya ce, “Daga ni sai kai muka sani.” Ya san abin da yake roƙo. Akwai matasa masu sabbin motoci da ke zagaya unguwa suna neman yara, kuma uwar da ta ɗauke ɗanta daga wata mota da wuya ta mayar da shi. In maganar ta fita, aikin da ya gina da sunansa zai iya watsewa a yini ɗaya.

“Ta wane ɓangare ƙofar motarka take?” in ji Mai Faci.

Baba Sannu ya juya ya dubi ƙofar, ga ta nan a hannun dama. Mai Faci ya ci gaba.

“Ta wane ɓangare suke tsayawa suna jiranka? Ƙananan nan naka, in ɗaya ya tsuguna yana ɗaure takalmi, da me ya fi dakalin da ka daka tsayi?”

Mai Faci ya sa safaya ya ɗaure notuna. Saura matsalar gabansu, don in an tashi daga makaranta babu wanda zai kwaso yaran. Da lokacin tashin ya yi, sai ga Mai Faci ya kashe injin iska, ya ja tamfol ya rufe kayan aikinsa, ya buɗe ƙofar gaba ya haye. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a gindin mota bai taɓa koyon tuƙi ba.

“Sitiyari dai ban iya ba,” ya ce, “amma ido biyu gare ni. Na ara maka na dama, yau kaɗai.”

Haka aka yi wannan tafiya, Mai Faci ya fito da kai ta taga yana ta ba da umarni. “Matsa hagu! Mai babur! Tsaya, ga tsohuwa!” Yara suka samu abin yi, kowa yana kwaikwayonsa, motar ta cika da “matsa hagu”. A kowace ƙofa kuwa Baba Sannu sai ya kashe mota ya sauko, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya samu idonsa, ya ce daga gobe a nemi wani kafin ya ga likita. Wani uba ya riƙe hannunsa ya yi masa addu'a. Wata kaka ta ce ita ma haka nata ya yi, aka gyara. Wasu suka ce to, suna kallon ƙasa. Amma mai shagon ɗinki, uwar 'yar autar motar, wadda a bana aka sa ta makaranta, jawo yarinyar ta yi ta mayar da ita bayanta.

“Tun yaushe?” ta tambaya.

“Wallahi ban sani ba, 'yar nan.”

Ta dube shi, ta dubi motar, ta shige ta rufo ƙofa. Duk cikin ƙofofin ranar, wannan ce ta fi yi masa ciwo, kuma bai ga laifinta ba.

A gida mai ɗakinsa ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, “Ni na ga kana zuba shayi a gefen kofi, na ɗauka rawar hannu ce, na yi shiru don kada ka ji kunya.” Ta yi kukanta, ta share, ta ce sun gode Allah da siminti ne ya daka. A asibiti aka ce yanar ido ce ta rufe masa gani, ana cire ta, amma sai layi ya zo kansa, maganar tuƙi kuma sai bayan an ga yadda ya warke. Motar ta koma gindin katanga. Nan ya tsaya yana wasi-wasin sayen sabuwar taya, don ina amfanin sabuwar taya a motar da wataƙila ta gama fita?

“Sayo, Malam,” in ji ta.

“In kuma likita ya ce a'a?”

“Sayo na ce. Ba na son in leƙo in gan ta tsaye da ƙafar aro, kamar mun riga mun haƙura.”

Ya sayo. Mai Faci ya zo har gida ya ɗaura, sannan ya sa wuƙa ya farke tsohuwar tun daga ƙululun, don kada wani ya tsince ta ya sayar wa wani bawan Allah. Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Baba Sannu tsawo. Kowace safiya yana zaune a tsakar gida da kofinsa, yana jin hon ɗin wasu motoci a ƙofofin da shi bai taɓa yi wa hon ba.

Aka yi aiki, aka cire bandeji. Ya ga tsagewar bangon ɗakin likita, ya ga zaren da ya zazzago a bakin mayafin matarsa, ya shiga godiya. Da ya dawo gida ya shiga motar ya zauna, ga gilashi tas, dama da hagu. Washegari ya taka har wurin mai wankin mota ya ba shi haƙuri, daga nan ya wuce rumfar bayan gidan mai.

“Ban san da bakin da zan gode maka ba.”

“Da wanda kake zagina da shi,” in ji Mai Faci. “Matsa, ka tare mini haske.”

Da likita ya gwada shi ya ce ya koma bakin aiki, sai ya sa 'yarsa ta aika wa iyayen saƙo ta waya cewa ranar Litinin zai fito. Kaɗan ne suka amsa. Ranar ya fita da mota wayam. Ƙofar farko a rufe. A ta biyu maƙwabci ya ce ai sun riga sun tafi da sabuwar mota. Ta uku ma haka. Ya ce a ransa ba komai, kowa da hakkinsa a kan ɗansa. Layin mai shagon ɗinki ya yi niyyar tsallakewa, sai dai hannu ya riga ya saba, ya karya kwanar.

Tun daga bakin layin ya hango su a hannun dama, uwar a tsaye da zare a kafaɗa, yarinyar kuma da jakar da ta kusa finta girma. Ya tsaya ya sauko.

“Ina kwana, Baba,” in ji uwar. “Tun ɗazu ta hana ni sakat. Yaya jikin?”

“Alhamdu lillahi, 'yar nan.”

Ta ɗaga yarinyar da kanta ta sa ta a mota, ta gyara mata jaka. Da ya koma mazauninsa, sai 'yar autar ta leƙo ta gefen kafaɗarsa ta dama, ta ɗaga hannu.

“Baba Sannu, an ce an sa maka sabon ido. Yatsu nawa?”

Ya gan su sarai, har da tawadar da ke jikin ɗan ƙaramin. Amma sai da ya goge idon da bayan hannu kafin ya iya amsa mata.