Hajiya Na Kan Layi

Duk wanda ya san Ousseini a Greensboro ya san abu biyu game da shi: ba ya fashin kiran mahaifiyarsa a Maraɗi ranar Lahadi, kuma ƙafarsa ta dama ba abar wasa ba ce. Tun yana saurayi a Yamai ya koyi karate, irin na dukan gaske, a naushi ƙirji, a hauri haƙarƙari. Naushin fuska ne kaɗai aka hana. Da ya zo Amurka ya shiga kamfanin kujeru yana lodin kaya, ya ɗauka shi da fage sun yi sallama.

Ina! Wata rana a hanyar McLeansville ya hangi wani tsohon gareji da buhunan duka a rataye. Mai wurin, Edivaldo, mutumin Brazil ne, hancinsa a baje kamar an taka tumatir. Shi ma da karaten ya fara, ya yi suna a garinsu, sannan ya koma kikbosin, damben ƙwararru da ake haɗa naushi da hauri. Wasansa na farko ya shiga da hannuwa a ƙirji yadda ya saba, aka shimfiɗe shi tun bai yi gumi ba. Sai da ya shekara yana yaƙi da wannan sabo kafin ya fara cin wasa. Ya yi yawon ƙasashe, gwiwa ta gaji, ya zauna koyarwa. Nan Ousseini ya zama ɗalibinsa.

To, cutar malami ita ce ta ɗalibi. Ousseini ya iya hauri har buhu na kuka, amma da faɗa ya yi zafi sai hannuwa su sauko ƙirji, fuska ta zama ta kowa. Edivaldo ya yi tsawa, ya nuna masa hancinsa, duk a banza. Wasa biyu Ousseini ya yi, duka ya dawo da ido a kumbure.

Matarsa Kaltouma ba ta da wasa. Tana gasa masa fuska da ruwan ɗumi ta ce, "Baban Mounira, 'yarka ta gan ka ta ɓuya bayan kujera. Wasa ɗaya na yarje maka. Ka dawo mini da fuska haka, wallahi an gama."

Abin ya dame shi ƙwarai, don garejin nan ne kaɗai inda yake jin shi wani ne a ƙasar.

Ranar Lahadi ya kankare katin waya ya kira Hajiya. Kaltouma na tsintar shinkafa tana kallonsa. Hajiya kuwa in ta fara, sai ta zaga dangi gida gida, wa ya haihu, wa ya ƙi gaishe ta. Ousseini na tsaye, waya manne da kunci, ɗayan hannun ya toshe kunne don layin na shaƙewa, sai "To, Hajiya" yake yi. Har katin ya ƙare hannu ko ɗaya bai sauka ba. Kaltouma ta ture faranti ta yi dariya har da hawaye, ya tambaye ta, ta ƙi faɗa.

Ranar wasa, a wani zaure cikin gari, ta zauna bayan Edivaldo, ita da ba ta taɓa zuwa ba. Zagayen farko lafiya. A na biyu abokin karawar, wani dogon Bature, ya matsa lamba, sai ga hannuwan gogan suna zamewa ƙasa. Kaltouma ta miƙe, mayafi na faɗuwa.

"Baban Mounira! Hajiya na kan layi!"

Caraf hannuwa biyu suka koma kunci. Naushin Baturen ya sauka a kan safar dambe, Ousseini ya sakar masa ƙafar dama a cinya. Edivaldo bai san me ta ce ba, amma ya ga abin da ya faru, shi ma ya kama ihu: "Hajiya! Hajiya!"

Alƙalai sun ba Baturen nasara da ɗan maki, Ousseini bai ko damu ba. Ba su yake jira ba. Ya sauko ya tsaya gaban matarsa. Ta kama haɓarsa, ta juya fuskar dama, ta juya hagu, ta duba har ƙarƙashin ido.

Ta ce, "Litinin da ƙarfe nawa kuke farawa? In ajiye maka abinci."