Burodin Mamuda Masinja

Duk Kazaure babu wanda ya kai Mamuda Masinja son burodi. Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ya samu aikin kai takardu a wani ofis, har da sabon keke, sai ya yanke hukunci cewa ma'aikacin gwamnati ba ya karya kumallo da koko. Kullum ka gan shi da burodi a hammata kamar fayil.

Ana nan sai ƙuraje ƙanana masu ruwa suka feso masa a gwiwar hannu da ta ƙafa, har da wurin zama. Yana tuƙa keke yana susa, ya taɓa afkawa cikin tumakin mutane. Abokan cin tuwonsa na ƙofar gidan Kawu Hamma suka ce ƙazuwa ce, suka ware masa kwano can gefe. Wannan ya fi ƙaiƙayin ci masa rai, don shekara goma sha biyu hannunsa na cikin akushin nan.

Mamuda ya yi dogon nazari irin na ma'aikata, ya gano mai laifi, wai gero ne. Ai shi bai taɓa ganin Bature yana susa ba. Ya kama burodi safe da rana, gurasa da yamma, ƙurajen kuwa suka samu taki.

Da mahaifinsa ya kwanta ciwo, dole ta kai shi garin Gwiwa jinya. Wata uku babu burodi ko na shinshinawa, sai tuwon gero da fura, yana ci yana ɓata rai. Ya dawo fata sumul. Yana sauka ya yi wa kansa maraba da burodi biyu, kafin sati susa ta dawo.

A asibiti ya kwashe labari kaf ya faɗa wa wata nas, Sista Veronica. Ta ce akwai jikin da ba ya shiri da alkama sam, nasa na ciki.

"Malam Mamuda, ko burodi ko akushi. Zaɓi ɗaya."

Ya zaɓi akushi, amma sai da ya yi ƙwalla. Bai fasa ratsa gari da burodi a hammata ba, saboda martabar aiki, sai dai matarsa Dela ke cinyewa.

Da jiki ya warware, Kawu Hamma ya sa shi naɗe hannun riga a gaban jama'a, ya duba gwiwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya turo masa ruwa.

"Wanke hannu ka matso, ɗan boko. Gero ya yafe maka."