Wutar da ta makara a gulbi

Jiya a matakalar gidan wata ƙawata fitila ta yi ƙas ta mutu ina tsakiyar hawa. Irin fitilun nan ne na benayen Faransa, da kake dannawa su ba ka ɗan lokaci su ɗauke. Na tsaya cikin duhun, sai ga Baba a raina, da dogon benenmu na Minguettes a gefen Lyon.

Kaka ce ta raine ni a garinmu, can ƙasar Maraɗi, kafin a kawo ni wurin iyayena in shiga lakwal, wato makarantar boko. Baba yana sayar da atamfa da turare a wani ɗan shago a unguwar Guillotière. Sanyin farko da na gani ya kusa zautar da ni, amma abin da ya fi ba ni mamaki wuta ce. Ko'ina wuta, har cikin ɗakin shara. Ita kuwa Kaka na bar ta da fitilar kananzir mai baƙanta bango, ga idanunta sun fara yana.

A shekarun tamanin ɗin nan ne mutanen garinmu na Lyon da na Paris suka haɗa kai da na gida, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, koperatif ta kuran, wato wutar lantarki. Aka sayi inji. Duk gidan da ya shiga yana da kaso, yana da baki. Aka zaɓi kwamitin da zai riƙe ta, Baba ya zama wakilin mutanen Lyon. Ranar Inna ta yi masa miyar kuka da busasshen kifi, ya ci yana ta dariya.

Da kaset muke gaisawa da gida. Da aka miƙo mini rediyon, ban shawarci kowa ba na ce, "Kaka, Baba ya zama babba a kuran. Ɗakinki za a fara sa wa." Manya suka yi dariya, aka aika kaset ɗin haka.

Da hutun hunturu Baba ya tafi da ni Paris a jirgin ƙasa. A Clichy-sous-Bois, gefen Paris, ake taron kwamitin, gidan wani dattijo Alhaji da ke shugabantarsa. Baffa, yayan Baba, shi ma yana ciki. Falon ya cika da ƙamshin shayi da jiƙaƙƙun rigunan sanyi, mu yara da mata muna kicin, ƙofa a buɗe.

Wayar da aka samu ba za ta isa gari duka ba. Ko dai a ja ta wajen kasuwa, inda ɗakin haihuwa yake, ko a ƙetare gulbi da ita zuwa tsohuwar unguwa, inda Kaka da tsofaffi suke. Aka ɗaga hannuwa, suka zo daidai. Saura Baba. Ya daɗe yana kallon kofinsa, sannan ya ɗaga wa ɗakin haihuwa.

Baffa ya miƙe tsaye. "Uwar da ta haife ka fa?"

"Yaya, ba ita kaɗai ta zaɓe ni ba," in ji Baba a hankali. "Da tocila a baki ungozoma take karɓar haihuwa."

Baffa ya ɗauki hularsa ya fita. Ko sallama bai yi mana ba. A jirgi na tambayi Baba me zan ce wa Kaka, ya juya fuskarsa ga taga.

Daga nan Baba ya canza. In fitilar matakala ta mutu muna hawa, ba ya dannawa, sai ya laluba bango har ƙofarmu. A ɗaki kuwa ƙwan fitila ɗaya yake bari a kunna. In an zo yin kaset, gaisuwa kawai yake yi ya miƙa wa Inna. Ni ma in aka ba ni sai in karanto waƙar lakwal da Faransanci, wadda Kaka ba ta ji ko kalma ɗaya, don kada maganar wuta ta taso. Ita ma ba ta taɓa tayar da ita ba. Sai dai ta tambayi ko ina cin abinci, ko sanyi ya yi sauƙi.

Damina biyu aka yi kafin waya ta ƙetare gulbi. Kafin nan yanar ta rufe idanun Kaka gaba ɗaya. Kaset ɗin da ya zo bayan haka a falo muka saurare shi, muryarta garau.

"Takwarata, an ce wutarki ta iso. Na sa an ɗora ni kan turmi na taɓa ta. Ashe ɗumi gare ta kamar kwanon koko. Ki ce wa ubanki na gode."

Baba ya tashi ya shiga banɗaki, ya saki famfo. Mun daɗe muna jin ƙarar ruwa.

Yau kusan kowane rufi a garinmu yana da faifan hasken rana, tsohon injin ya zama wurin kwanan awaki. Koperatif ɗin tana nan, kuma waɗanda aka haifa ƙarƙashin ƙwan nan na ɗakin haihuwa su ke riƙe da ita. Bara suka kira ni a waya, suna so in zama wakiliyar Lyon. Kafin in ba su amsa na je wurin Baba. Ya tsufa, gemunsa fari fat. Na ce, da za a maimaita ranar nan, yaya zai yi?

"Haka zan sake yi," ya ce. Ya murza casbaharsa. "Amma da na hau jirgi na je na faɗa mata da bakina. A bakin maƙwabta ta ji."