Allon da babu sallama

Kwana uku ina miƙa wa dattijon nan kwamfutar hannu, yana ture ta da hannunsa mai lafiya.

Daga Moriki aka kawo shi asibitinmu nan Kaura, shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Manhajar da muke aiki da ita hotuna ce: ka taɓa kofi ta ce "ruwa", ka taɓa kai ta ce "ciwo". Ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ɗakin, majinyata sun yi mini yawa, har na fara cewa taurin kai ne.

Jiya matarsa ta leƙa allon ta ce, "Ɗiyata, ina wurin sallama?"

Na ce, "Inna, babu."

"To shi Malam ko ruwa bai roƙo sai ya gaisa da mutum."

Na kira ƙanensa, na naɗi muryar ƙanen yana sallama, na sa a saman allon. Malam ya taɓa: "Salamu alaikum, ina kwana?" Ya tsare ni da ido sai da na amsa. Sannan ya taɓa kofi.

Ashe ni ma gajiya ta sa kwana ukun nan ban gaishe shi ba.

Abokan aiki, ku me kuka tarar babu a naku allon?