Sandar da Na Ɓoye a Bayan Coci

Shekarun baya ne, ban riƙe ko nawa ba, amma dai lokacin ina iya saɓa buhun albasa ni kaɗai in hau mota da shi. Ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji huɗu na tsaya. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa ya wuce.

Aikina lodi ne. A Jega nake zaune da iyalina, amma da zarar albasa ta fito, kullum muna Aliero muna cika manyan motocin da ke tafiya kudu. Wata rana cikin bazara ina can saman mota ina jera buhuna, igiya ta tsinke, na taho ƙasa ni da buhu biyu. Albasa ba abin da ya same ta. Ni ne ƙafata ta dama ta karye wuri biyu a ƙasan gwiwa.

Sa'ata ɗaya, a Aliero abin ya faru, garin masu ɗori. Abokina direban motar, Musulmi ne, mun fi shekara goma tare, shi ya ɗauke ni sai gidan wani tsoho mai ɗori. Tsohon ya shafa ƙafar, ya ja, na yi ihun da har yau abokina yake kwaikwayona da shi. Ya jera kara ya ɗaure, ya ce, "Nawa aikin ke nan. Sauran na Allah ne. Kada ka taka ta sai na ce."

Na daɗe kwance. Ranar da aka ce in fara takawa, matata ta shigo da wata tsohuwar sanda, kanta har ya yi santsi saboda riƙo. Ban tambaye ta inda ta samo ba. A lokacin ba na tambayar komai, faɗa kawai nake yi. Abinci ya yi gishiri, faɗa. Bai yi ba, faɗa.

Ita ce ta ja ni zuwa addu'ar Laraba. Cocinmu ƙarami ne, yawancinmu neman abinci ya kawo mu garin. A bayansa akwai wata rumfar kwano, a nan marasa lafiya suke haɗuwa kowace Laraba da la'asar a yi musu addu'a. Wata tsohuwa ce take jan taron, tsohuwar ungozoma, kowa Mama yake ce mata. Dokarta ɗaya ce. Ba wanda zai roƙi Allah komai sai ya fara faɗin abin da yake gode masa a kai.

Sai ka ji abin mamaki. Wata mata da ɓarin jikinta ya shanye ta ce ta gode, makon nan ta iya kai cokali baki da kanta. Wani mai ciwon suga ya ce ya gode, gyambon ƙafarsa ya daina ruwa. A yi ta tafi kamar an ba su kujerar gwamna. In aka zo kaina sai in ce, "Na gode da na wayi gari." Mako na ɗaya haka, na biyu haka, na biyar haka.

Ranar nan Mama ta dube ni ta ce, "Ɗana, wagga godiya taka ba ta gaji ba? Akuyata ma ta wayi gari."

Na ce, "Mama, akuyarki ƙafa huɗu gare ta, duk lafiya lau."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta ce za ta jira ni.

A rumfar nan in ka ɗaga kai za ka ga sanduna a soke cikin azara, wasu na icce, har da irin na asibiti masu shiga hammata. Na tambayi mai ciwon sugan, ya ce ranar godiya ta shekara, bayan kaka, wanda ya daina buƙatar sandarsa yakan taho da rawa ya soke ta a can. Ya ci gaba da wani bayani, ban saurara ba. Abin da na ji ya ishe ni. Na ɗaga murya na ce, "Bana tawa za ta hau can." Aka yi tafi, aka ce amin. Bakina ya riga ya sa hannu.

Damina ta wuce, na koma wurin mai ɗori. Ya matsa, ya gwada ƙafafun biyu, ya ce, "Ƙashi ya kama sarai. Amma ta rage tsawo kaɗan, kuma ba ta ɗaukar nauyi kamar da. Kai da sanda kun zama 'yan'uwa."

Lodi ya ƙare mini ke nan. Aka ba ni ɗinkin bakin buhu, aikin zaune. Abokan aiki ba su da mugunta, amma bakinsu ba ya hutawa. "Yaya dai, addu'ar Larabar ba ta iso ƙafar ba tukuna?" Ina dariya, amma abin yana cina. Na ga in ranar godiya ta zo ban soke sandar nan ba, na ji kunya, Mama ta ji kunya, matar nan mai cokali da ta yi ta yi mini addu'a ta ji kunya. Har na ga kamar Allah ma za a yi masa dariya saboda ni. Haka kaina ya ba ni.

Na fara gwaji a bayan gida. Ba sanda, taku bakwai sai in zube. Na je rumfar na auna da ido: daga inda ake soke sanda zuwa kwanar bango, inda mutum zai ɓace wa jama'a, taku goma sha biyu ne. Na yi ta cije baki ina gwadawa har na kai sha biyun. Sha uku kuwa ko da kuka ba ya samuwa.

Daga nan dabara ta zo mini. Ranar kasuwar Maiyama abokina yana da kaya can, na ce zan raka shi. Na zaɓi Maiyama ne don ba wanda ya san fuskata. Na sayi sabuwar sanda, fara, mai kauri, miƙaƙƙiya. A hanyar dawowa ya dube ta ya ce, "Mi za ka yi da sanda biyu, ƙafa guda ta karye?"

Na gaya masa. Zan soke tsohuwar a gaban jama'a, in yi takuna sha biyu, in sha kwana, in ɗauki sabuwar in bi ta baya in tafi gida. Bayan kwana biyu in ce ciwon ƙafar ya ɗan motsa.

Sai da ya gangara gefen titi ya tsaya don dariya. Ya ce, "Kai yanzu Allah za ka yi wa wayo?"

Na ce, "Ba wayo ba ne. Rufin asiri ne."

"Asirin wa?"

Ya share hawaye ya ce ranar zai zo, ko daga bakin titi ne sai ya ga ƙarshen wannan abu.

Ranar Lahadin godiya na riga kowa zuwa. Na jingine sabuwar sandar a bayan rumfa, daidai kwana, kusa da inda aka tara itacen girki. Na koma na zauna kamar mutumin kirki.

Bayan sujada aka fito rumfa. Matan zumunta sun sha anko, suna buga tulu suna kaɗa caki. Wani ya taho da damin gero, wata da kwaryar shinkafa, wani da zakara yana ta fisge-fisge. Matar nan mai cokali ta taho da ƙafarta, tana ja amma tana tahowa, ba wanda ya riƙe ta. Wurin ya ɗauki guɗa. Ni kuwa ban ji daɗin komai ba, lissafin taku nake yi.

Aka zo kaina. Na tashi, na ɗan girgiza kafaɗa, na miƙa hannu na soke sandar cikin azara. Guɗa ta tashi, Baba Fasto ya ɗaga hannu sama. Na juya ina murmushi, haƙorana a cije. Ɗaya, biyu, uku. A na tara idona ya fara ganin taurari. Sha biyu, na sha kwana, na miƙa hannu.

Ba sanda.

Na dafa bango. Na duba ƙasa, na duba cikin itace. Sai na ɗaga kai. Can gaba kaɗan mata uku suna kan wata ƙatuwar tukunya, matata a tsakiya ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, tana tuƙa tuwon shinkafa da hannu biyu. Abin da take tuƙin da shi fari ne, mai kauri, miƙaƙƙe.

Na ce, "Maman yara, mene ne wannan a hannunki?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Muciyarmu ce ta karye, tuwo yana shirin yin gudaji. Sai ga wannan a jingine, sabuwa fil. Muka wanke. Ka ga aikin Ubangiji?"

"Sandata ce."

"Taka ba ga ta can ka soke ba?"

A nan ƙafar ta ce ta gama nata. Na sulale na zauna a kan itace.

Ashe a ciki ana jirana, don wanda ya soke sanda shi ne yake ba da shaida. Da aka ji shiru Mama ta zagayo. Ta dube ni a ƙasa, ta dubi tukunya, ta sake dubana. Ban jira ta tambaya ba, na zayyana mata komai, har da Maiyama. Mama ta nemi turmi ta zauna, ta yi dariya har tana tari. Matan girki suna yi, matata tana tuƙi tana yi.

Da ta lafa ta ce, "Ɗana, wa ya ce maka sai an warke sarai ake godiya?"

Na ce ai na ga sandunan.

Ta ce, "Ka gani, ba ka tambaya ba. Ba don a nuna wa mutane ake soke su ba. Wanda ya daina buƙata ya ajiye, wanda ya shiga buƙata ya zara. Wadda ka soke yanzun nan, daga can matarka ta zaro maka ita. Ta mijina ce. Shekara shida yana rawar godiya da ita a hannunsa, bai taɓa ajiye ta ba sai da Ubangiji ya kira shi. Ni na soke ta da hannuna." Ta ƙara da cewa, "Allah bai ce ka rufa masa asiri ba. Ya san tsawon ƙafarka, da wadda ta rage da wadda ba ta rage ba."

Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Na ce hayaƙi ne. Ba wadda ta yarda.

Mama ta sa aka zaro mini sandar. Na dogara na koma cikin rumfa, jama'a suna kallona da mamaki. Na ce, "'Yan'uwa, ƙarya na yi muku. Ban warke sarai ba. Akwai wata sandar da na ɓoye a baya, ita ce take tuƙa tuwon da za ku ci." Sai mai ciwon sugan ya fashe da dariya, kowa ya biyo shi. Baba Fasto ya cire tabarau yana share ido.

Mama ta ce, "To, yanzu yi godiyarka. Kuma kada ka ce mini ka wayi gari."

Na tsaya ban san ta inda zan fara ba, sai bakina ya buɗe da kansa. Na gode ƙafata ce ta sauka ƙasa ba kaina ba. Na gode ba a yanke ta ba. Na gode wa Allah saboda tsohon Aliero da hannunsa, da abokina da ya bar kayansa a rana ya ɗauke ni. Na gode da ɗinkin buhu, wanda na raina, alhali shi yake ciyar da gidana, kuma bayana ya daina ciwon da ya yi shekaru yana yi. Na gode da matar da na yi wata da watanni ina yi wa faɗa a kan gishiri ba ta tattara kayanta ba. Ina faɗa wani yana zuwa. Sai da Baba Fasto ya taɓa kafaɗata ya ce tuwo zai huce.

Aka buga tulu, na yi rawa da sandata. Ba rawar kirki ba ce, ɗingishi ne mai bin kiɗa, amma ban taɓa yin wadda ta kai ta daɗi ba. Mama ta taso ta kama ɗaya hannuna.

Abokina kuwa ya cika alkawari, yana bakin titi a jikin motarsa. Na kai masa tuwo a kwano da miyar kuka. Ya ci loma ɗaya ya ce, "Wallahi sandar Maiyama ta iya tuƙi."

Sabuwar sandar aka wanke aka soke ta cikin azara. Ba ta yi wata biyu ba wani manomi daga wajen Jandutsi, wanda saniya ta taka, ya zare ta. Matata har gobe cewa take ba ta san tawa ba ce. Ni dai na san ranar da na dawo daga Maiyama ta ga inda na tura ta ƙarƙashin gado, kuma muciyar cocin nan ban taɓa ganin gutsurenta ba.

Har yau ina ɗingishi. Da sanyin safiya ƙafar tana yi mini tsami, kuma na gaji irin gajiyar da mutum mai shekaruna yake yi. Abin da na gane shi ne, na so in kai wa Allah ƙafa mai kyau ne don kada a ga aibunsa, alhali abin da yake jira shi ne in zo da wadda nake da ita in ce na gode. Yanzu ran Laraba in aka zo kaina sai an tsayar da ni.

Sandar mijin Mama tana nan jingine kusa da ni, kanta ya ƙara santsi. Na gaya wa matata, ranar da na gama da ita ta mayar da ita cikin azara. Kada ta kai ta wurin tukunya.